Sakula ta fito a asibitinmu: ko katin rigakafin ciwon hanta ko a cire ka daga rosta

Maman Hanifa: Salam 'yan uwa barkanmu da dare. Dan Allah akwai abin da ya tsaya min a rai tun jiya nake so mu tattauna. Asibitin da nake aiki na kuɗi ne, bazan faɗi suna ba, an wayi gari an manna sakula wato takardar sanarwa a ƙofar ofishin metiron wai kowane ma'aikaci tun daga likita har mai gadi ya kawo shaidar ya yi allurar ciwon hanta wato hepatitis B kafin ƙarshen wata, wanda bai kawo ba ba za a sa shi a rosta wato jadawalin aiki ba, kun san kuwa babu rosta babu albashi. Kuma kowa da kuɗinsa zai je ya yi. Abin da ya jawo haka, sati biyu da suka wuce Iya mai sharar wod ɗin maza ta zo ɗaure baƙar leda allura ta soke ta a babban yatsa, wani ne ya cire kanula ya jefa allurar a kwandon shara maimakon kwalin allura. Wlh baiwar Allahn nan tsotse jinin tayi ta tofar, ta yagi bakin zani ta ɗaure ta cigaba da goge-gogenta, sai bayan kwana uku da yatsan ya kumbura sannan ta faɗa. Toh tambayata, daidai ne a tilasta mana? In ma daidai ne wa ya kamata ya biya?

Ɗan Lab: Wslm. Tilastawar daidai ce ɗari bisa ɗari, ni ma mamaki nake ace asibiti sai yanzu ya farga. Biyan ne kawai zance.

Abu Sudais: Ni fa duk abin da aka ce dole nan nake ja da baya. Jikina ne. In abu alheri ne ai ba sai an haɗa da barazanar albashi ba, zuma ba a yi mata talla da bulala.

Likitan Ƙauye: Sista Maman Hanifa kafin mu shiga gardama, ya ake ciki da Iya? An gano marar lafiyar da aka yi wa amfani da allurar? An gwada ta? Domin kwana ukun nan shi ne ya fi damuna ba sakula ba. Maganin kariyar HIV cikin awa 72 ake fara shi a sha kwana 28, shi kuma na hanta in mutum bai taɓa rigakafi ba ana so a ba shi HBIG, wato allurar kariya ta gaggawa, tare da allurar rigakafin ta farko cikin awa 24, in ya wuce sati ba a sa ran HBIG zai yi wani amfani.

Maman Hanifa: Dakta ba a gano ba, gado goma sha biyu ne a wod ɗin kuma an sallami wasu. An gwada ta komai negetif a lokacin, an fara mata na HIV a ƙurarren lokaci, an yi mata allurar hanta ta farko. HBIG da aka faɗi kuɗinsa shiru kowa yayi, ya ninka albashinta ban san sau nawa ba. Ita kuma ba ma'aikaciyar asibitin ba ce a takarda, ɗan kwangilar shara ne ya kawo su.

Likitan Ƙauye: Allah ya tsare ta. A maimaita mata gwaji nan gaba dan Allah kar a ce an gama. Malam Abu Sudais bari in ba ka lissafi ka auna da kanka. In allurar mai HIV ta soke ka, a cikin mutum 1000 kamar 3 ne ke kamuwa. In ta mai hepatitis C ce kamar 2 cikin 100. In kuwa ta mai hepatitis B ce wanda ƙwayar ke da ƙarfi a jininsa abin yana kaiwa 30 cikin 100. Kuma ƙwayar tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jini a kan tire ko katifa ko almakashi. Binciken ƙasa baki ɗaya da ake kira NAIIS na 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, wato a wod mai gado goma sha biyu irin nasu a lissafi ana iya samun kamar mutum ɗaya, kuma galibi shi kansa bai sani ba. Mu duk tsoronmu ya tafi kan HIV alhali wanda ya fi saurin kama mu shi ne mai rigakafi.

Abu Sudais: Dakta ban musa lissafinka ba. Amma ni ɗan Kano ne, ina da wayo a 1996 lokacin sanƙarau da Pfizer suka zo asibitin zana suka yi gwajin maganin Trovan da yara 200, wajen rabi aka ba su shi sauran wani maganin, 11 suka rasu wasu suka kurumce wasu suka nakasa. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda ya ga wannan in an ce masa miƙo hannu dole ya tambaya. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Anti Metiron: Ɗana Abu Sudais ba wanda zai ce ka yi ƙarya, ina aiki a lokacin kuma abin ya yi mana ciwo fiye da yadda kake zato. Amma ka bambance, wancan sabon magani ne na sha da ake gwadawa ba rigakafi ba, kuma ba a yi wa iyaye bayanin gaskiya ba. Wannan allurar tun shekarun 1980 ake yin ta a duniya, 'ya'yanka ma in ana kai su rigakafi sun sha ta tun suna zanin goyo ba ka sani ba, tana cikin ta cinya da ake yi a sati 6 da 10 da 14. Sannan ka tuna abin da tsoron ya jawo mana, 2003 aka tsayar da ɗigon foliyo a Kano sai tsakiyar 2004 aka dawo bayan an kawo daga Indonesiya, kafin nan shan inna ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ni na shekara 35 ina aiki, na yi wa abokan aiki biyu wanka da hannuna waɗanda hanta ta kashe, ciki ya kumbura ido yayi ɗorawa, ɗaya ungozoma ce da ta karɓi haihuwa ba adadi da hannu ba safa domin a zamaninmu safar hannu sai tiyata. Ba zan rantse a wajen aiki ta ɗauka ba, Allah masani, amma da akwai wanda ya tilasta mana a lokacin da na gode masa.

Ummu Aiman: Allah ya jiƙansu Anti. Ni abin da ke ban dariya da mutanenmu, duk mai cika bakin nan in kujerar Makka ta fito da gudu yake zuwa a yi masa ta sanƙarau da ta shawara a ɗiga masa foliyo a baki yana dattijo da gemunsa, ya karɓi katinsa ruwan ɗorawa ya adana cikin fasfo, ba ka jin ance jikina ne. Nan Jidda da nake aiki ko lasisi ba za ka gani ba sai an gwada jininka, kuma tun a gida wajen medikal in aka ga kana da ita biza ta tashi.

Abu Sudais: Hajiya wannan bugu ne ƙasa da ciki 😂 hajji ai farilla ce

Ummu Aiman: Tsare ran marar lafiyar da ke hannunka fa? Nafila ce?

Ɗan Lab: Ku dawo kan kuɗin dan Allah domin nan ne ɓarakar take. Ni na san abin da zai faru tunda mun gani lokacin korona. Da Boss Mustapha, sakataren gwamnatin tarayya na lokacin, ya sanar cewa daga 1 ga Disamba 2021 ma'aikacin tarayya ba zai shiga ofis ba sai da kati ko gwajin da bai wuce awa 72 ba, me ya biyo baya? Kasuwar kati ta buɗe. Mutum ya ba da wani abu a rubuta masa a buga hatimi a zubar da ruwan allurar. To haka za a yi a nan, kilina mai ɗan albashin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba ka ce ya biya gwaji ya biya allura uku, wlh katin bogi zai kawo maka, manajimen su sa a fayil hankalinsu ya kwanta, shi kuma jininsa wayam.

Maman Hanifa: Wlh Malam kamar kana wajen, har an fara raɗe-raɗin wani mai kemis da ke rubutawa.

Ɗalibar Nas: Slm anti da yayye dan Allah tambaya, ance allura uku ce a wata shida toh yaya za a kawo shaida kafin ƙarshen wata?? mu ma a makaranta ance mu yi kafin fostin amma ba wanda ya duba, ni nayi ta farko da ta biyu tun bara ta ukun na manta, sai na sake daga farko?

Likitan Ƙauye: Ƙanwata tambayarki ta farko ita ta nuna wanda ya rubuta sakular bai zauna da masu rigakafi ba. Tsarin shi ne yau, bayan wata 1, sai bayan wata 6 daga ta farko. Abin da za a iya nema a ƙarshen wata shaidar an fara ne kawai. Ta biyu, ba a sakewa daga farko ko an daɗe, je ki karɓi ta ukun kawai. Bayan wata 1 zuwa 2 ki yi gwajin anti-HBs mai auna ƙarfin kariyar a jini, in ya kai 10 ko fiye kin samu kariya, ki ajiye takardar nan kamar takardar fili. Akwai 'yan kaɗan da jikinsu ba ya amsawa sai an sake musu zagaye na biyu, shi yasa kati kaɗai ba hujja ba ce ga mai taɓa jini kullum. Kuma a damtse ake yi wa babba, duk wanda ya ce miki juya ɗuwawu ki ce a'a, kitsen wajen yana rage mata aiki.

Ɗalibar Nas: Ngd sosai dakta. wata ƙawata tana da ciki wata huɗu tace tsoro take

Likitan Ƙauye: Ba komai, babu ƙwaya mai rai a ciki, da yis ake haɗa ta ba da jinin mutum ba. Mai ciki da mai shayarwa duk suna yi.

Bakano a Amurka: Ku yi haƙuri yanzu na tashi daga aikin dare. Nan dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata, tun 1991 ta ce duk wanda aikinsa zai iya haɗa shi da jini, mai asibiti ne zai ba shi allurar kyauta cikin ranakun aiki 10 da fara aiki, har mai shara da mai wankin zanin gado. In ka ce ba ka so sai ka sa hannu a takarda cewa an ba ka ka ƙi, in ka sake shawara daga baya a yi maka kyauta. Wato dolen a wuyan mai asibiti take kafin ta zo kan ma'aikaci. Ku naku an juya abin, an ɗauki kayan an ɗora wa wanda ya fi kowa rauni.

Abu Sudais: Yauwa! Ka ga ko a can akwai damar ƙi. Ingila ma sun so tilasta wa ma'aikatan asibiti ta korona a 2022 suka janye da suka ga mutane za su ajiye aiki.

Bakano a Amurka: Gaskiya ne sun janye, amma kar ka ɗauki rabi ka bar rabi Malam, asibitoci da yawa a nan da makarantun nas suna da nasu sharaɗin, ba ka taka wod sai da takardunka na ƙyanda da hanta da sauransu, mura ma duk shekara.

Mai Sunan Baba: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. In aka gwada aka samu mutum yana da ita fa? Domin ni ina da ita, shekara shida kenan da na sani, wajen ba da jini aka gano, ina shan tenofovir kuma lafiyata ƙalau. A wajen aikina na farko da labari ya fita har kofin shayi aka ware min, wata ta ce kar in jingina da kujerarta saboda zufa, ma'aikatan lafiya fa ba 'yan kasuwa ba. Daga ƙarshe aka ce kwantiragina ya ƙare. Irin wannan sakula ga irina ba kati take nema ba, tona asiri ce. Shi yasa wasu ke gudun gwajin ba wai allurar suke tsoro ba.

Anti Metiron: Sannu ɗana, Allah ya ƙara lafiya. Wannan jahilci ne da farin kaya a jiki. Ba a ɗauka ta zufa ko cin abinci tare ko musabaha, jini ne da saduwa da uwa zuwa jariri, sai aska ɗaya ta wanzami da mai yankan farce da kaciyar taro. Da yawan masu ita a ƙasar nan tun suna yara suka samu.

Likitan Ƙauye: Kuma mai ita yana aikinsa, nas ko lab ko famasi ba abin da ya hana. Inda ake taka-tsantsan shi ne masu sa hannu cikin ciki da allura ko wuƙa inda ba sa ganin yatsunsu, manyan tiyata da wasu ayyukan haihuwa da haƙori, su ma in magani ya danne ƙwayar ana bari su cigaba ana bibiya. Sakamakon gwaji kuma likita ɗaya ya kamata ya gani ba akawun albashi ba. Malam matarka da yara an yi musu?

Mai Sunan Baba: An yi musu duka alhamdulillah, ita negetif ce ta gama ukunta kafin biki.

Ungozoma Ta Gari: Tunda an zo kan yara bari in sauke nawa. Muna ta maganar ma'aikata, jarirai fa? Babba in ya kamu yawanci jikinsa na korar ta, ƙasa da 5 cikin 100 take zame wa ta dindindin, amma jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa 9 cikin 10 ya riƙe ta kenan, shi ne za ka ga saurayi ɗan shekara talatin da kansar hanta ana cewa sammu ne. Allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake so kuma kyauta ce. Amma mace ta haihu daren Juma'a, mai makullin firij ya tafi gida sai Litinin, ranar rigakafi kuma Talata, a ce mata ta dawo, ita kuwa ta shiga wankan jego ba mai ganinta sai bayan suna ko arba'in. Wani kuma ya ce ba zai fasa kwalba saboda yaro ɗaya ba, alhali BCG ta tarin fuka ce ake zubarwa bayan awa 6, ta hanta in an kiyaye sanyinta da tsabta tana kai kwana 28 a buɗe. Ni sai da na yi rigima kafin aka yarda a bar mana kwalba a ɗakin haihuwa cikin kula da ƙanƙara, shi ma sai na koya wa yara kar su manna ta da ƙanƙarar domin in ta daskare ta mutu, ruwa kawai za ka tsira wa yaro.

Ɗan Lab: Wannan na daskarewa shi ke sa ni shakkar ta kemis. Inda wuta ke zuwa awa huɗu a rana, firij ɗin da ake sa lemo da fiya wata, yau ta daskare gobe ta yi ɗumi.

Ummu Aiman: Masu wankin ƙoda da 'yan sikila da ake yawan ƙara wa jini fa, su ai sun fi mu buƙata, nan ba a ɗora mutum a inji sai an san matsayinsa kuma masu ita injinsu daban.

Abu Sudais: To su ma marasa lafiyar dole za a yi musu? In ya ƙi a kore shi da ciwonsa?

Likitan Ƙauye: A'a, marar lafiya ba a hana shi magani don ya ƙi rigakafi, bayani ake masa har ya gane. Shi ya zo neman taimako ne, ni kuwa ni na zaɓi in tsaya a kansa da allura a hannu, hukuncinmu ba ɗaya ba ne. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Kano ƙarshen 2022 zuwa 2023 ai mun ga yadda ake, yaran da ba a taɓa kai su rigakafi ba su suka cika gadaje, mu kuma aka ce mu je mu karɓi Td, allurar rigakafin mashaƙon, domin kar mu kwasa mu kai gida ko mu kai wa na gadon kusa. Ban ji wanda ya ce jikina ne ba a lokacin, kowa ya ga wuyan yaro ya kumbura.

Abu Sudais: Ni dai har yanzu kalmar dolen ce ban so. Amma in asibiti zai kawo mai kyau daga ma'ajiyar gwamnati ya biya, a bar ni in karanta kwalbar da idona, zan miƙa hannu. Sakula da barazana kam a'a.

Anti Metiron: 'Yata Maman Hanifa ga shawara. Kar ku je a ɗaiɗaiku, ku haɗu nas da lab da atenda ku rubuta takarda ɗaya. Ku ce kun yarda da rigakafin, amma asibiti ya ɗauki kuɗin gwaji da allura har da 'yan kwangila da ɗalibai, a ba da wata bakwai ba wata ɗaya ba, sakamako ya zama sirri, a sa kwalin allura a kowane wod a daina barinsa ya cika har baki, a rubuta lambar wanda za a kira in allura ta soki mutum ko da ƙarfe biyun dare. Ku fara da masu shara da masu wanki kafin likitoci. Kuma ku tara su ku gaya musu da Hausa, in ta soke ka wanke da sabulu a ruwa mai gudu, ba tsotsa ba matsa, ka faɗa nan take ba wanda zai kore ka. Iya tsoron kora ne ya sa tayi shiru ba rashin jin zafi ba.

Maman Hanifa: Haka ne wlh Anti, da na tambaye ta cewa tayi ɗan kwangilar ya taɓa sallamar wata don ta fasa fulas. Na kwafe duk abin da kika rubuta. Matsalar mai asibitin in ya ji kalmar kuɗi sai ya ce dizal.

Ɗan Lab: Ku ce masa ya lissafa kuɗin HBIG ɗaya da kuɗin allurar mutum nawa zai yi. Kuma in an saya da yawa kwalba mai mutum goma ta fi sauƙi nesa. Ranar 28 ga Yuli ma ranar ciwon hanta ta duniya ƙungiyoyi kan yi gwaji kyauta, ku sa ido.

Admin: Jama'a an gode, dan Allah wanda ya turo tallan maganin gargajiya mai wanke hanta cikin sati biyu na goge, kar a sake.

Maman Hanifa: Salam, bayani. Mun kai takardar yau mu goma sha bakwai muka sa hannu, likitoci biyu kawai suka yarda suka sa. An ɗage wa'adin, an ce asibiti zai biya allura mu biya gwaji, amma 'yan shara wai a yi magana da ɗan kwangilarsu. Mun yi karo-karo a wod mun biya wa mutum huɗu ta farko, saura uku. Iya kuma ranar Alhamis ne ta biyunta, ta ce in riƙe mata katin a lokata kar jikokinta su yaga.

Ungozoma Ta Gari: Turo min akawun ɗinki ta gefe, zan ɗauki mutum ɗaya.

Ɗalibar Nas: anti ni ma naje nayi ta ukun jiya, damtsen ya ɗan yi tsami haka yake yi?